Jakar Yayana a Kurmin Siri Lanka

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da samun aiki a sashen ba da magani na wani asibiti a nan Doha ba, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Yanzu ne kawai nake iya ba da labarin.

Yayana ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa. Direba ne, yana zaune a unguwar Najma, su shida a ɗaki ɗaya. Shi ya tsaya mini na yi karatu, kuma tunda ya zo bai taɓa zuwa ko'ina ba, daga Doha sai gida, daga gida sai Doha. Da zafin bazara ya kai inda ko hannun ƙofar mota ba ya taɓuwa, sai na ce masa ya nemi hutu wurin kafil ɗinsa, wato ubangidansa na aiki, zan kai shi Siri Lanka mu sha iska kwana biyar.

"Kai, ni da nake tuƙi kullum, hutuna kwanciya ce," in ji shi.

Na matsa masa har ya yarda. Ina so in kyautata masa, wannan gaskiya ne. Amma ina kuma so ya ga cewa ƙanensa ya zama wani abu.

Kwana biyun farko mun ji daɗi. Yaya ya sha ruwan kwakwa har ya ce cikinsa ya zama randa, ya tsaya cikin ruwan sama da gangan kamar bai taɓa gani ba. A rana ta uku muka shiga kurmi. Mu takwas ne, har da wasu Turawa da wani likita Balarabe da muka gano cewa garinmu ɗaya na aiki. Jagoranmu wani dattijo ne siriri mai silifas, wanda ya ce za mu yi tafiyar awa uku zuwa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse.

Yaya yana da ciwon suga, kuma da safen nan ya sha maganinsa amma bai ci abin kirki ba, wai yajin ya yi masa yawa. Na sani, don a gabana aka yi. A jakarsa akwai dabino, lemon kwali da na'urar gwajin suga. Ni da kaina na shirya masa su.

Kurmin ba irin dajin da muka sani ba ne. Rana ba ta isowa ƙasa, ko'ina a jiƙe, saiwoyi sun sarƙe hanya, ga matsattsaku suna hawa ƙafa ba ka ji ba. Yaya yana tafiya yana tsayawa, yana huci, yana tambayar jagora da ɗan Turancinsa ko itacen nan ana cin 'ya'yansa. Duk lokacin da ya tsaya sai kowa ya tsaya. Na ga ɗaya daga cikin Turawan ta duba agogo. Likitan nan ya tambaye ni, "Tare kuke?" Na ce eh, ban ƙara da cewa yayana ne ba.

Na koma baya na ce, "Yaya, kawo jakar in riƙe maka, ko ka ɗan ƙara sauri."

Ya miƙo mini yana murmushi. "Allah Ya yi maka albarka."

Na rataya ta na wuce gaba wurin likitan, muna hirar asibiti, ina ta jefa manyan kalmomi. Jagora ya ce hanya ɗaya ce, mu ci gaba, shi zai taho da na baya. Mun yi nisa kaɗan sai na ji muryar Yaya ta kira sunana. Na ji sarai. Na ɗan waiga, na hango shi ya dafa itace, sai na ce a raina hutawa zai sake yi, na juya na ci gaba da magana.

Mun isa wurin ruwan, wuri mai kyau ƙwarai. Na cire takalmi, na sa aka ɗauke ni hoto kusan goma. Sai da na buɗe jaka zan ɗauki ruwa hannuna ya taɓa dabinon, sannan na tuna da Yaya. Na duba agogo, fiye da rabin awa ba Yaya, ba jagora.

Ban san yadda na sauko ba. Na faɗi sau biyu a taɓo. Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da saiwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannuwansa na rawa, idanunsa kamar ba su gane ni ba. Dattijon nan ya durƙusa gabansa yana gutsura masa wani abu baƙi-baƙi kamar mazarƙwaila, irin wanda suke yi da ruwan wani itace, yana sa masa a baki kaɗan-kaɗan. Guzurin shayinsa ne. Ya dubi jakar da ke kafaɗata, ya dube ni.

"Yana ta cewa jaka, jaka," in ji shi. "Na ɗauka ruɗewa ce."

Na gwada sugan, na ga ya yi ƙasa ƙwarai. Ni da nake gaya wa marasa lafiya kullum kada su rabu da abin zaƙi a aljihu, ni na tafi da na yayana don in burge mutumin da ko lambarsa ban karɓa ba.

A hankali ya dawo hayyacinsa. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Ka ga ruwan? Yana da kyau?" Muka juyo, ni da dattijon muna riƙe da shi.

Da yamma mahaifiyarmu ta kira. Ina zaune ina ji ya ce mata, "Hajiya, jiki ya ɗan motsa a daji, amma ɗanki likita ne ai, ya kula da ni." Ta yi ta sa mini albarka, ina cewa amin, ina kallon ƙasa.

Sai da muka yi wata huɗu da dawowa na iya buɗe baki. Wata Juma'a bayan masallaci muna cin shinkafar biryani a wani ɗan shago a Najma, na ajiye cokali na ce, "Yaya, ranar nan a kurmi na ji kiranka."

Bai ɗago ba. "Na sani. Na ga ka waigo."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Kunyata ka ji gaban abokanka, ni ma na taɓa zama yaro. Khalas, ya wuce, ci abincinka."

Na nemi gafara, ya ce ya yafe tun a can. Na yarda ya yafe, don bai sake tayar da zancen ba, kuma bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Ni ne dai abin bai sake ni ba. A da ina ɗaukar kaina mutum mai zumunci saboda na sayi tikiti na kama otal. A kurmin nan na gane cewa ban wuce in ji kunyar wanda ya raine ni ba, in dai akwai baƙon da nake so ya ɗauke ni da daraja.

Yaya ya koma gida yanzu, yana lafiya, yana fama da jikoki. Duk wanda ya je gaishe shi sai ya ba shi labarin ƙasar da ƙanensa ya kai shi, da ruwan kwakwa, da matsattsaku. In ina wurin, a daidai nan nake tashi in ce zan yi alwala.