Kafaɗar Don Anselmo

Kafaɗar Don Anselmo Taveras ta dama ta fi ta hagu sauka. Yana saurayi ya yi dakon buhunan koko a wani sito a San Francisco de Macorís, kafin maigidan ya lura yaron yana da kai ya mayar da shi kan sikeli. To amma kafin nan buhu ya riga ya yi aikinsa. In ya sa rigar kanti sai wuyan ya zame gefe guda, kamar wani na jan ta ta baya. Shi kuwa mutum ne mai son tsaf-tsaf, ko shara zai fitar sai ya taje kai.

Chencho tela ne ya raba shi da wannan kunyar. Ana dab da aurensa da Eufemia ya je shagon, Chencho ya zagaya shi yana kallo, ya yanka masa chacabana, farar rigar nan mai aljihu huɗu da ƙananan ninki a gaba, wadda ba a cusa ta a wando. Ya rage nan, ya ƙara can. Ranar aure babu wanda ya ga karkata. Eufemia takan ce da wasa ita riga ta aura, mijin daga baya ta gan shi.

Da aka haifi Wilkin, ɗansu tilo, Chencho ne ya riƙe shi a gaban Fada, limamin coci, ranar baftisma, ya zama Padrino ɗinsa, wato ubansa na baftisma. Daga wannan rana Anselmo da Chencho suka zama compadre, suka daina kiran juna da suna. Kowa ya san compadre ba abokin wasa ba ne. Kana iya faɗa da ɗan'uwanka na jini ku shirya, amma abin da aka ƙulla a kan jariri a ɗakin Allah ba a ɗaga masa murya, ba a kuma kunyata shi a gaban mutane.

Haka rayuwa ta miƙe. Duk Disamba Chencho zai ɗinka masa sabuwar riga. Duk Lahadi in an tashi daga coci Anselmo zai biya ta shagon, a ɗora kofi, Chencho ya shafa kafaɗar rigar da tafin hannu ya ce, “Ta zauna.” Samari suka koma sayen rigunan waje masu ɗan tambari a ƙirji, Chencho yana musu dariya, yana cewa an ɗinka su ne don gunkin da ke tsaye a tagar kanti, shi ma gunkin sai an kama masa da allura ta baya.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Chencho gani. Ba rana ɗaya ba. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya aljihu ya fara hawa kan aljihu, maɓalli ya daina samun ƙofarsa. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai daɗi, babu wanda ya gaya masa gaskiya. An yi masa maganar asibiti, ya ce idonsa lafiya lau, fitilar shagon ce ta tsufa. Ya rage saura Anselmo.

Shekarun farko abin bai fito fili ba, don Eufemia tana nan. In an kawo rigar Disamba sai ta zauna a bakin ƙofar baya da rana tsaka, ta farke aljihu, ta daidaita, ta mayar. Da Allah ya karɓi abarsa, rigar da ta biyo baya ta zo hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, babu mai gyarawa. Kai ta wurin wani tela kuwa ba zai yiwu ba. Kafin ya dawo gida labari ya riga shi isa shagon Chencho. Anselmo ya tsaya a gaban madubi ya daɗe. Sannan ya goge ta, ya sa, ya tafi coci, ya ɗauki kwandon baiko kamar kullum ya bi layi-layi, mutane suna sunkuyar da kai suna neman canji a jaka fiye da yadda ya kamata.

’Yan domino, masu zaman wasa a ƙofar kantin da ke kusurwar layi, su ba su da wannan kunyar. In ya wuce sai wani ya ce, “Don Anselmo, rigar nan da ita aka yi kokawa ko da kai?” Wani ya ce ai sabon yayi ne, aljihu ɗaya na kuɗi, ɗaya na kallon sama. Sai su shiga musu: wannan ya ce rigar waje ko da tsada ka san abin da ka saya, wancan ya ce kuɗin tambari kawai kake biya, riga sai wadda aka auna a jikinka. Su juyo su tambaye shi, tunda shi ne mai tela na kansa. Yakan yi murmushi ya ce zafi ya yi yawa yau, ya wuce. A ransa ya san duk Lahadin da ya shiga shagon compadre da wata riga ba ɗinkinsa ba, ranar Chencho zai gane ya daina zama tela.

Ana nan Wilkin ya bugo waya daga New York, ya ce zai zo da matarsa a yi wa jaririyarsu baftisma a cocin da aka yi masa. Surukansa ’yan Santiago ne, masu hali, za su zo da mai ɗaukar hoto. Labari ya kai wa Chencho, ya ce wannan karon ba zai jira Disamba ba. Ya fito da yadin lilin da ya daɗe yana ɓoyo, ya kwana biyu a kan keken ɗinki, ya aiko da ita a naɗe cikin takarda. Ninkin gaban ya fara daidai daga sama, yana sauka yana kaucewa kamar hanyar ruwa. A kusa da aljihun ƙasa akwai ɗan ɗigon jini inda allura ta same shi bai gani ba.

Wilkin ya iso da nasa kwalin. Ya buɗe a gaban uban da hannu biyu: riga fara mai sheƙi, mai taushi kamar ba yadi ba, an manne ta da ƙananan allurai a kan kwali, takardar farashi na lilo a hannu. Bai cire takardar ba, Anselmo kuma ya gane da gangan ne. Yaron gadi yake yi a can, tsaye, cikin sanyi. Ya ce ya daɗe yana wucewa ta gaban kantin yana kallonta yana cewa wata rana tsohonsa zai sa.

Sai idonsa ya faɗa kan ɗaya rigar a kan gado. Ya ɗaga ta, ya juya, ya ajiye.

“Tsoho, kada ka yi mini haka. Ina ƙaunar Padrino, Allah ya sani. Amma hoton nan shi yarinyar za ta riƙa kallo har ta girma. Rana ɗaya kawai na roƙa.”

Anselmo ya ce za a duba.

Bayan Wilkin ya fita, ya gwada rigar da ya kawo masa. Wuyan ya shaƙe shi, hannayen sun rufe masa yatsu, kafaɗar dama ta yi jaka. Kyakkyawa ce, amma ba shi aka ɗinka wa ba. Ya gwada ta Chencho: shi aka ɗinka wa, sai dai kamar a mafarki. Har ya yi tunanin haɗa su biyu, ɗaya a kan ɗaya, duk da zafin garin. Sai ya ga ba mafita: in ta Chencho ce a sama, ɗansa yana da ido, in ta ɗan ce a sama, compadre yana da hannu. Ya durƙusa a gaban hoton Uwar Altagracia, wato Maryamu uwar Yesu, da Eufemia ta bari a bango, ya yi addu’a, ya tashi, rigunan suna nan yadda ya bar su.

Ranar Asabar ya sa ta ɗansa. Ya naɗe bakin hannun ciki, ya bar maɓallin wuya a rufe don Wilkin ya ce haka ake sa ta. A coci ya zauna a gaba kusa da surukai, gumi na bin bayansa, ba ya iya juya kai sai da dukan jiki. Fada ya zuba wa jaririya ruwa, ta tsala kuka, aka yi dariya. Shi hankalinsa yana benci na uku, inda Chencho yake zaune da sandarsa, fuska a ɗage, yana murmushi wajen da yake jin muryoyi.

A ƙofar coci Wilkin ya sunkuya ya nemi albarkar Padrino, Chencho ya dafa kansa ya sa masa. Sannan ya buɗe hannuwa yana neman compadre. Anselmo ya matso, don babu inda za shi. Suka rungumi juna. Tafin hannun Chencho ya hau kafaɗa, ya tsaya. Yatsun suka bi ɗinkin, suka gangara ƙirji suna neman ninki, suka tarar da ɗan tambari. Anselmo yana jin numfashinsa a kunne.

Chencho bai sake shi da sauri ba. Da ya sake shi, muryarsa ba ta canza ba. Ya ce yadi ne mai kyau, yaron ya iya zaɓe.

“Amma sun cuce ka a kafaɗa, Compadre. Ba su san ka ba. Kawo mini ita ranar Litinin in zaunar maka da ita.”

Wilkin yana can yana jera mutane don hoto, bai ji ba. Anselmo ya ce to.

An ci sancocho, farfesun biki, an yi kiɗa, surukai sun yaba rigar. Washegari da zai tafi filin jirgi Wilkin ya riƙe hannun uban ya ce ya adana ta da kyau, in takardun tsohon na zuwa New York suka fito da ita zai sauka, yana so abokansa su gan shi. Anselmo ya ce to, shi ma.

Ranar Litinin ya wanke ta da hannunsa, ya goge, ya rataya a bayan ƙofa. Ya share tsakar gida. Ya ba kaji hatsi. Ya yi tunanin ya ce bai ji daɗi ba, ya yi tunanin ya ce ba ta bushe ba, ya ga in ya tsallake Litinin akwai Talata, bayan Talata akwai Lahadi da kofi. Da rana ta yi sanyi ya naɗe ta a takarda ya fita. ’Yan domino suka gan shi da ƙunshi, wani ya buɗe baki, na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa.

Chencho ya share teburin yanka, ya sa rigarsa ta aiki, tef a wuya. Ya shimfiɗa rigar, ya lallashe ta da hannu biyu, fuskarsa ta yi haske irin wanda Anselmo ya daɗe bai gani ba. Ya ce aikin ba shi da yawa, sai dai dole a buɗe kafaɗar gaba ɗaya a rage ta daga ciki. Ya ja layi da alli, layin ya sauka nesa da ɗinkin, kusan tsakiyar ƙirji. Sannan ya fara lalube a kan teburin, ya taɓa zare, ya taɓa kofin kofi, ya koma.

“Compadre, ka ga mini almakashi?”

Yana nan a gabansa, ɗan nesa kaɗan da yatsunsa. Anselmo ya dube shi, ya dubi layin allin. Ya ɗauka, ya juya masa wajen mariƙi, ya sa masa a hannu.