Mai Buta, Mutumin da Ke Sa Ruwa Ya Kwana

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofofinsu, shi ya riga ya wuce ta ƙofar gidana. Ba sai na leƙa ba nake ganewa, ko da yake ina leƙawa. Ƙarar bokitinsa nake ji, cokalin gini yana bugun gudumar roba a ciki, ga wata tsohuwar buta da ya ɗaure da igiya a bayan kekensa tana lilo. Saboda butar nan unguwa ta manta sunan da iyayensa suka raɗa masa. Mai Buta kawai ake cewa. Aikinsa shimfiɗa tayil a banɗaki, da tare wa ruwa hanya don kada ya shiga bango. Tun gashina yana baƙi yake wannan sana'a. Bana gwiwoyinsa suka ce sun gaji, likita ya goyi bayansu, ya ajiye bokiti. To kafin a manta da shi kamar yadda ake manta duk aikin da aka binne a ƙarƙashin ƙafa, bari in faɗi abin da na sani.

In ya shiga gida zai gaisa, ya cire takalmi, ya wuce inda aka kira shi. Ba ya kallon dama, ba ya kallon hagu. Sauran masu aiki da tef ɗin awo suke farawa, shi kuwa sai ya cika butarsa, ya durƙusa, ya tsiyaya ruwa a tsakiyar ƙasa, ya zuba masa ido kamar mai jiran amsa. In ruwan ya nufi magudana, sai ya gyaɗa kai. In ya tsaya yana shawagi, ko ya juya ya nufi ƙofa, sai ya ce, "Wannan ɗaki ba shi da alƙibla." Daga nan ya bi tayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Wanda ya yi ƙarar fanko sai ya ce yunwa yake ji, ba a ƙosar da shi da siminti ba. Telar da ke kwanar layinmu ta ba ni labari, ranar da ya gama mata aiki har ya ɗaure kayansa, sai ya dawo ya ɓalle tayil guda da hannunsa saboda ya ji yana yunwa. Ita ba ta ji komai ba. Shi ya ji.

A unguwar nan Rediyo suke ce mini, kuma ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Ku duba min wannan asara: mutum yana shiga ɗakin da ya fi kowane ɗaki sirri a gidajen mutane, yana ganin abin da ko suruka ba ta gani, amma na yi shekaru ina tatsarsa ban sami ko ɗigo ba.

"Mai Buta, an ce ka yi aiki a gidan mai kanti. Yaya ka ga zaman nasu?"

"Gangarar ta yi daidai, Inna."

"Ba ƙasa nake tambaya ba."

"Ni kuma ƙasa na kalla." Sai ya yi murmushi ya ce, "Inna Rediyo, ke da ruwa halinku ɗaya. Ku sami 'yar kafa kamar silin gashi, ku kwashi labarin wannan ɗaki ku kai wancan. Ni kuma toshiya aka ɗauke ni in yi."

Na yi dariya ranar. Ban san wata rana maganar za ta zo har cikin gidanmu ba.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta a gidan da suka gina tare, inda ta haifi 'ya'yanta duka, inda ta san kowane lungu ko ido rufe. Wata safiya santsi ya kwashe ta a banɗaki, ta karye a wuyan hannu. Babban ɗanta, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya ɗauki hutu ya zo. Yaron kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ya ga hannun uwarsa a ɗaure, ya ce magana ta ƙare, za ta koma wurinsa. Yaya ta ce sai dai a fitar da gawarta. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan abu ɗaya: in an gyara banɗakin kafin hutunsa ya ƙare, ya ga da idonsa za ta iya wanka ba tare da an riƙe ta ba, za ta zauna. In ba haka ba, ta shiga mota.

Aka kira Mai Buta. Ya tsiyaya ruwansa, ruwan ya juya wa magudana baya, ya je ya taru a bakin ƙofa, daidai inda ƙasa ta yi kore da gansakuka. Sai na ga ya ɗaga kai yana kallon bango: mazubin sabulu a fashe, ƙusar rataya tawul a lanƙwashe, kan famfo ya karkace kamar an rataya masa nauyi. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Inna, a taimaka mini da ruwan sha." Na san kora ce. Na tafi a hankali, na dawo da sauri, amma na tarar sun gama magana da Yaya, ita tana kallon ƙasa.

Ya fasa tsohon daɓen gaba ɗaya. Ya cire tudun da ke bakin ƙofa wanda sai an ɗaga ƙafa ake tsallakewa. Ya zuba sabon siminti, ya ba shi gangara mai laushi wadda ƙafa ba za ta ji ba amma ruwa zai ji. Da ya bushe, ya shafe ƙasa da bango da wani baƙin magani mai kauri kamar kwalta, ya manna raga a kowace kusurwa, ya sake shafawa. Daga nan ya toshe magudana, ya yi 'yar katanga a ƙofa, ya cika ƙasan da ruwa har ya rufe idon sawu, ya ja layi da fensir a bango daidai bakin ruwan. Ya ajiye kwano cike da ruwa a gefe, shi ma ya yi masa alama.

"Yaushe za a fara tayil?" in ji ɗan Yaya.

"Sai ruwa ya kwana."

Haka yake yi a kowane gida. Ba ya ɗora tayil ko guda sai ruwa ya kwana a wurin ya tashi inda aka bar shi.

Da safe muka taru a bakin ƙofa. Ruwan ya sauka ƙasa da layin fensir, bai kai faɗin farce ba. Ɗan Yaya ya ce ai zafi ne ya sha. Mai Buta ya nuna masa kwanon, yana nan a kan alamarsa. "Zafin bai ga wannan ba ne?"

"To, ai tayil zai rufe, Malam."

"Tayil riga ce, ɗana. Wannan baƙin shi ne fata. In fata ta tsage, ko rigar sarki ka sa jini zai fito."

Hutun yaron saura kaɗan. In aka tsaya neman yoyo, aka gyara, aka jira ya bushe, aka sake kwanar da ruwa, tayil ba zai hau ba kafin ranar tafiya. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba tun muna yara: Yaya tana roƙo. Ta dafa bango da hannunta mai lafiya, ta ce, "Mai Buta, don girman Allah ka rufe kawai. Faɗin farce ne fa. Kada ka sa a raba ni da ɗakina saboda faɗin farce."

Ni ma na sa baki. Na ce masa ƙaramar ƙarya da za ta ajiye tsohuwa a gidanta ai sadaka ce.

Bai ɗaga murya ba. Yana durƙushe ya ce, "Iya, in na rufe yau, bana kina gidanki. Baɗi danshi zai dawo, santsi ya biyo shi. Ranar da kika sake faɗuwa, ba ƙasa ce ta kayar da ke ba, ni ne. Ba zan iya ba."

Yaya ta juya ta shiga ɗaki. Yinin ranar ba ta sake yi masa magana ba, kuma ni ma na ɗaure masa fuska. Ya bi kusurwoyi da yatsa, ya bi bakin magudana, bai ga komai ba. Can sai ya kira ni.

"Inna Rediyo, yau ranarki ce. Ruwan nan ya kai labari wani ɗaki. Wa ya fi ki sanin inda labari ke sauka?"

Na shiga ɗakin barcin Yaya, wanda bango ɗaya ya raba shi da banɗakin. Na leƙa ƙarƙashin gado, na ɗaga labule, na cusa kai bayan sif, abin da na fi ƙwarewa a kai duk duniya. Can ƙasa, a lungu, ga danshi kamar tafin hannu, sabo, da sanyinsa. Ya zo ya dafa, ya auna da taku daga ƙofa, ya koma ɗaya ɓangaren. Daidai inda bututun famfo ya ratsa bango, akwai wata tsaga da sai ka kwantar da kumatu a ƙasa za ka gan ta. Ya kankare wurin, ya cike, ya naɗe wuyan bututun da raga, ya shafe. Ya ce a bar shi ya bushe da kansa, ba a yi wa magani gaggawa.

Ranar da aka sake duba ruwa ita ce ranar tafiya. An riga an sa jakunkunan Yaya a bayan mota. Tana zaune a bakin gado da mayafinta, ba ta kuka, kuma wannan ya fi kuka ciwo. Muka leƙa banɗakin. Ruwa yana nan a kan layin fensir, bai motsa ba. Amma ɗaki baƙi ƙirin, babu tayil ko ɗaya.

Ɗan Yaya ya tsaya yana kallon layin. Sai ga Yaya ta fito. Ta ce, "Kafin in shiga motarka, ka ji wannan. Ba sau ɗaya na faɗi ba. Na sha faɗuwa, ina ɓoye maka. Mutumin nan ya karanta a bango tun ranar farko, daga abubuwan da na riƙa cafka ina zamewa. Ya ce ba zai faɗa maka ba, don ba huruminsa ba ne, amma zai yi aikin ne a kan abin da ya gani, ba a kan abin da aka gaya masa ba."

Ni da nake taƙama babu abin da ke wuce ni, a ranar na fara ji.

Yaron ya juyo. Ya kalli uwarsa, ya kalli Mai Buta da ke tsaye da buta a hannu. Sai ya ce, "Mama ta roƙe ka ka rufe, Inna ta roƙe ka, ni ma na ce ka rufe. Da ka rufe da ban taɓa sani ba." Ya fita. Muka ji ƙarar buɗe bayan mota. Ya shigo da jakunkunan ya dire su a tsakar ɗaki, ya ce mini, "Inna, ki kwana da ita har a gama. Wanda ya ƙi yi mini ƙarya a kan faɗin farce, ba sai na tsaya na ga tayil ɗinsa ba."

Mai Buta ya ƙarasa aikin bayan yaron ya tafi, kuma bai rage komai ba don babu mai dubawa. Ya zaɓi tayil mai kaushi wanda ke riƙe tafin ƙafa ko da sabulu. Ya gina ɗan wurin zama a ƙarƙashin shawa. Ƙarfen riƙewa kuwa, sai da ya sa Yaya ta zauna, ta miƙa hannu inda ya fi mata sauƙi, sannan ya kafa shi a nan. Ranar da ta fara wanka, ta rufe ƙofa da kanta, ta ce in na kuskura na leƙa za ta watsa mini ruwa. Na zauna a waje ina jin shawa na zuba. Da ta fito, abin da ta ce kawai shi ne, "Ruwan ya san hanyarsa."

Mai Buta, kai ne ka yi shekaru a durƙushe don tsofaffi su tsaya da ƙafafunsu. Kai ne wanda mafi kyawun aikinsa ba wanda zai taɓa gani, don kai da kanka kake rufe shi. Gwiwoyin da suka gaza maka yau, a gidajenmu ka bar su. Mun yi maka fushi a ranar da ka fi yi mana alheri, ba ka riƙe mu ba. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa bangunanmu da gidajenmu.

Ku kuma masu tasowa a sana'a, ko tayil kuke yi, ko ɗinki, ko gyaran mota, ku ɗauki wannan daga gare shi: wurin da mai kaya ba zai gani ba, nan ne aikin yake. Kada ku ɗora riga a kan tsagaggiyar fata, ko da mai fatar ne ya roƙe ku.

Jiya na je gaida Mai Buta. Yana zaune a kan benci a ƙofar gida, ya miƙe ƙafafu, butar tana gefensa. Na ce, "To, yanzu da ka ajiye aiki, ai sai ka ɗan tsiyaya mini labarin gidajen nan." Ya dafa ƙirji ya ce, "Inna, nan ma na sa raga a kusurwa."

Daga can na biya gidan Yaya. Tana nan a ɗakinta, tana yi mini faɗan yawo. Kafin in fito na cusa kai bayan sif, don hali ba ya tsufa. Bangon a bushe yake.