Direba a Rumfar Sabulu

A layinsu babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Direba ne a bakin kowa, tun daga yaran maƙwabta har mai gyaran takalmin bakin titi. Rabin rayuwarsa a kan sitiyarin babbar mota ya yi ta, yana jigilar siminti da rodi daga wannan gari zuwa wancan, har ranar da idonsa ya fara ganin fitila ɗaya ta zama biyu. Bai yi gardama ba, ya miƙa makulli ya dawo gida. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ga tafin hannu kamar faranti, in ya gaisa da kai sai ka duba ko yatsunka sun cika. A ɗakin girki kuwa, matarsa kan ce, ko ruwa aka ba shi ya dafa sai ya ƙone.

Manaja yake kiran matar tun suna da ƙuruciya, don komai na gidan a hannunta yake. Sana'arta sabulu. A bayan gida akwai rumfar kwano, da robobi, da sikeli, da wata doguwar muciya da soda ta cinye wa baki. Nan ta yi shekaru tana dama sabulun wanki, shi yana can yana cin titi.

Wata safiya tana shanya ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne, kuma ɓarin jikinta na dama ya shanye. Magana ta dawo, amma a karkace, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita. Autarsu ta zo ta yi jinya har hutun aikinta ya ƙare, ta ce za ta nemo mai kula da ita.

"Bar shi," in ji Baba Direba. "Ita ta yi ta jirana shekara da shekaru. Yanzu layi ya zo kaina."

"Baba, har wanka fa."

"Na wanke tirela, uwarki ce za ta gagare ni?"

Haka ya koyi ɗaga ta, da juya ta, da gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu. Sai dai ba a jima ba fatarta ta fara bushewa. Ƙwaurinta ya yi fari yana ɓarewa, bayanta ya dame ta da ƙaiƙayi, tana sosawa da hannun hagu har jini. Ya kwaso sabulai masu kwalliyar kwali da ƙamshin turare, abin sai gaba yake. Ma'aikaciyar jinya ta ce ya rage zafin ruwa, ya riƙa shafa mata mai, ya kuma nemi sabulu mai laushi.

Da ya faɗa wa Manaja, ta daɗe tana motsa baki kafin ta fitar da maganar.

"Na iya. Na yi wa yara, suna jarirai."

"To ki faɗa mini, ni in yi."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta fashe da dariya, rabin bakinta na yi rabi na kallo. Rabon da ya ji wannan dariya tun kafin ciwon. Washegari ya ɗauke ta cak da kujerarta ya ajiye a bakin rumfa, inda iska ke kaɗawa.

Doka ta farko, safar hannu da tabarau. Ta biyu, soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Ya ga ruwan ya ɗauki zafi ba wuta, ya ja da baya yana salati. Da ta nuna masa sikeli sai ya kaɗa kai.

"Haba Manaja, ni da nake duban tanki in san man da ke ciki? Idona sikeli ne."

"Idon da ya sa ka ajiye makulli?"

Bai ji ba. Ya auna da ido, sabulun ya fito da tauri kamar bulo, yana farfashewa. Da ya kwana biyu ya gwada a hannunsa, sai da ya wuni yana hura yatsu. A karo na biyu tsoron soda ya kama shi, ya malala mai, abin ya ƙi daskarewa, ya zauna a roba yana kallonsa. Mai kantin da ke jikin gidansu ya leƙo ta katanga.

"Baba Direba, yau tirela nawa ta kumfa za a loda?"

"Ka jira, kai za ka fara sauke kaya," ya amsa, amma ransa ya sosu.

Ranar ce Manaja ta yi kuka. Ta san abin da ya ɓace, yana nan a kanta sarai, harshe ya ƙi ɗaukowa. Ta yi ta bugun hannun kujera tana cewa "wancan, wancan." Baba Direba ya cire safar, ya durƙusa gabanta duk da gwiwarsa na ƙara.

"Ba sauri muke ba. Zan riƙa ɗagawa, ke ki ce e ko a'a."

Ya ɗaga man kwakwa, ta yi alamar a rage. Shi ke kawo kumfa, ta samu ta ce, shi kuma ke busar da fata in ya yi yawa. Ya ɗaga man zaitun, ta gyaɗa kai da ƙarfi. Ya ɗaga man kaɗanya, ta ɗaga babban yatsa. Turare da kala, ta kawar da fuska. Daga nan ya fahimci dabarar: a auna komai daidai, sannan a bar ɗan mai ya fi ƙarfin sodar kaɗan, yadda za ta ci nata ta ƙoshi ta bar saura ga fata.

"Ashe kamar giris ne," ya ce. "In babu, ƙarfe ya ci ƙarfe. In ya yi yawa, ya ɓata birki."

A karo na uku ya auna kamar mai sayar da zinariya. Ya jira ruwan soda ya huce, ya tsiyaya shi cikin mai, ya yi ta juyawa har kafaɗarsa ta yi tsami, har haɗin ya yi kauri muciya na barin sawu a kai. Manaja ta leƙa ta ce, "Juye." Da ya daskare ya yanka da siririyar waya, ya jera a kan katako. Ya ɗauki guda zai nufi banɗaki, ta daka masa tsawar da ta fito tar, ba ko gargada.

"Ajiye! Sai ya sha iska."

Fiye da wata sabulun yana shan iska. Mutumin da bai taɓa haƙurin cunkoson titi ba, kullum da safe sai ya je ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina, ya dawo ya ba da rahoto. Da lokaci ya yi, a fuskarsa ya fara gwadawa. Ya fito yana shafa kumatu, bai ji fatar ta ɗaure ba.

Ba a rana ɗaya ƙaiƙayin ya tafi ba. A hankali dai susar ta ragu, tabon ya fara rufewa, Manaja ta koma samun barci. Da Auta ta zo ta shafa ƙafar uwarta, ta dubi uban, sai ta saka guda biyu a jaka ba ta tambayi kowa ba.

A ɗakin da ake koya wa marasa lafiya motsa jiki, wata mata mai jinyar mijinta ta lura da hannun Manaja, ta tambayi man da take shafawa. Baba Direba ya gyara zama ya fara bayani, sai da aka kira su sau biyu. Mako na gaba ya zo da ƙunshi a jarida. Daga ita sai na kusa da ita, har ya zama in ya shigo ana cewa ga mai sabulu nan. Yana gaya wa kowa gaskiya, wannan ba magani ba ne, wanka ne kawai da ba ya cin mutum.

Yanzu Manaja na takawa da sanda daga ɗaki zuwa rumfa. Hannun dama bai dawo duka ba, amma yana iya danne katako yayin da na hagu ke goge gefen sabulu. Kwanan nan Baba Direba ya zo mata da shawara, wai a gwada zuba madarar akuya, ya ji ana yi.

"Akuyar wa?" ta tambaya.

"Za mu saya."

"Wa zai tatsa?"

Ya ɗaga manyan yatsunsa, alamar shi ne. Ta girgiza kai, ta tura masa roba da sandarta.

"Allah ya jiƙan akuya. Ɗauko mai, rana na yi."