Cikon Sarƙar Lauratu

Duk wanda ya san Dogarawa ya san gidan Ƙasimu baduku, in bai san shi da ido ba ya san shi da hanci, don warin jima ke fara tarbar baƙo tun daga bakin hanya. A nan aka haifi Lauratu, kuma a gindin tabarmar ubanta ta girma, tana miƙa masa basilla tana murza zare har hannunta ya faɗa. Shi Ƙasimu kube yake ɗinkawa da takalma, amma abin da ya yi suna a kai shi ne rufe laya. Malamai su rubuta, su naɗe, su aiko masa ya lulluɓe da fata. Da ya rasu, shekara huɗu ke nan, aka yi zaton sana'ar ta bi shi kushewa, tunda ɗiya mace kaɗai ya bari.

Ashe ba su san Lauratu ba. Ita da ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, ta ga abin da matan ma'aikata ke sawa a wuya, ta ce ai wannan ba gagara ba ne. Sai ta bar kube da takalmi ta kama kayan ado, amma ba irin na kakanni ba, nata na kanta. Ƙodagon goriba, wanda kowa ke gwaguya ya yar, ita take yankawa fale-fale ta goge shi da yashi har ya yi santsi, ta huda ta yi 'yan kunne. Wayar tagulla kuwa wurin makanikai take samo ta daga cikin matattun injuna, ta murɗa ta yi awarwaro. Mutanen unguwa suka yi ta dariya, wai ɗiyar Ƙasimu ta koma tsince-tsince. Ita kuwa ta ci gaba da gugar ƙodagonta.

Abin da ya fitar da ita shi ne wata sarƙa: igiyar fata siririya, a tsakiya ɗan matashi na jar fata mai kusurwa huɗu, an zagaye shi da ɗinkin tsanwa, da tagulla ɗaya a ƙasa tana lilo. Don matashin ya tashi ya yi ƙiba, takan cusa masa takardar buhun siminti, ta tsakiya mai tsabta, wadda ba a rasa ta a ƙasar Malbaza mai masana'antar siminti. Matsalar ɗaya ce, abin ya yi kama da laya, kamar an tsaga kara. Masu tsokana kan ce ɗiyar baduku ba ta rabo da gadon gida. Ita kuma ta ce musu, "Ado ne. Siminti ke ciki, in kuna son gini ku saya."

Wannan magana ba ta wasa ba ce a wurinta. Ƙungiyar masu sana'ar hannu, wadda ke shirya kasuwar baje koli a Ƙonni da Illela har ta kai mutanenta Tawa da Yamai, tana da doka mai zafi: ba a sayar da laya ko magani da sunan ado. Wanda aka kama, a karɓe katinsa a bainar jama'a, ba zai sake shimfiɗa tebur a ko'ina ba. Shekara uku Lauratu ta yi tana zarya kafin ta sami katin nan. Kuma ko ba kati, a garin da kowa ya san kowa, macen da aka ce tana rataya wa matan mutane asiri a wuya ta gama yawo.

Bana aikin ya yi mata yawa, kasuwar Illela da ta Ƙonni suka zo a jere. Sai Goggo, ƙanwar ubanta da suke zaune gida ɗaya, ta ce ta bar mata cikon, ita Lauratu ta ji da ɗinki. Haka aka yi. Goggo na cusawa tana miƙowa bakin matashin a rufe, Lauratu na bi da basilla. A Illela sarƙar ta tafi kamar ƙosai da safe. A Ƙonni ma, kwana biyun farko, mata har da na tsallaken iyaka suna sauka daga baburan kabu-kabu suna tambayar teburin mai jar sarƙa.

Rana ta uku da hantsi, tana cikin jera kaya, Goggo ta bugo waya daga Dogarawa tana tambayar kasuwa. Lauratu ta ce alhamdu lillahi, saura goma sha ɗaya kacal. Sai ta ji tsohuwa ta yi wata dariya mai nuna akwai magana.

"Ai na sani, Laure. Ke kin ɗauka takardar siminti ce ke kiran mutane?"

"Mi kike nufi, Goggo?"

"Gafakar ubanki na buɗe. Takardun nan nashi na arabiyya da ke kwance suna cin ƙura, su na yayyanka na sa miki, kowace sarƙa ta samu rabonta. Ga albarka nan kin gani da idonki."

Lauratu ta dakata da jera kayan. Gafakar nan ta san ta. Tun rasuwar ubanta take rataye a ɗaki, ba ta taɓa buɗewa ba, don ta ɗauka rubutun malamai ne da aka kawo a rufe ajali ya riga su. Ayoyi ke nan, da hatimai, da Allah kaɗai ya san me. Su ne aka bi da almakashi, su ne ta ɗinke da hannunta, ta sayar tana rantsuwa cewa siminti ne, mata suka rataya suna shiga ko'ina da su. Kai, tsofaffi da taimakonsu. Da Goggo ta yi da mugunta da abin ya zo da sauƙi, a ƙalla da an sami wanda za a yi wa faɗa. Tsoro ya kama Lauratu, tsoron Allah da na mutane a haɗe, ta kashe wayar ba ko sallama.

Ta kai hannu ke nan za ta kwashe sarƙoƙin ta tura ƙarƙashin tebur, sai wata sarƙa ta faɗo a gabanta, an jefo ta. Ta ɗaga kai. Wani dogon mutum ne, Muttaƙa, direban babbar motar siminti daga Malbaza, bayansa matarsa Nafisa tana sunkuyar da kai. Lauratu ta gane ta, jiya ta sayi sarƙa tana ta murna.

"Ke kinka saida wa iyalina wagga?"

"Ni ce, Malam."

"Shekara goma ina raba gidana da tarkacen bokaye. Yau na dawo daga hanya in tarar da laya a wuyan matata. Faɗa mini, mi anka rubuta a ciki, kuma don wa?"

Bai ɗaga murya sosai ba, amma kasuwa ba ta buƙatar shela. Masu tabarmi da masu faifai da maƙeran azurfa duk suka bar kayansu suka matso. Da jiya ne, da tuni Lauratu ta yi dariya ta ce siminti ne. Yau kalmar ta zo mata har baki ta maƙale, don ba ta iya ƙarya da sunan Allah a tsakani ba. Shirun nan nata ya fi komai yi mata ɓarna.

Wata mata daga baya ta ce, "A buɗe mana a gani."

Wani ya amsa, "Ba ta yarda. Laya in anka buɗe ta ai ta karye, shi ya sa take nuƙu-nuƙu."

To, ka ji inda aka matse ta. In ta hana, ta tabbatar da laya ce. In ta bari, rubutu zai fito.

Aka kira Malam Hashimu, shugaban ƙungiya, dattijon da ya yi dukanci tare da ubanta kafin ido ya fara gajiya. Ya zo a hankali, ya saurari Muttaƙa har ya gama, ya juya sarƙar a tafin hannunsa.

"Ɗiyata, kin ji abin da anka ce. Mi ke ciki?"

"Baba, a da takardar siminti nike sawa. Wagga kam ban san abin da ke ciki ba."

Jama'a suka ɗauki guna-guni. Malam Hashimu ya dube ta ya daɗe, da alama ya so a ce wata amsa ta bayar. Sannan ya ce ta ajiye katinta a kan tebur, ta ajiye. Ya ce ta ba shi wuƙa. Ta ce a'a, ita ta ɗinka, ita za ta farke. Ta sa bakin wuƙar dukanci a ƙarƙashin ɗinkin tsanwa, ta bi shi ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta buɗe. Ga takarda nan a naɗe, tsohuwa, ta yi ja don daɗewa. Ta warware ta, baƙin tawada ya bayyana, haruffan Larabci layi huɗu.

Wuri ya kaure. Masu salati na yi, masu cewa dama sun faɗa na yi. Nafisa ta fashe da kuka tana shafa wuyanta. Muttaƙa ya ce wa shugaba, "To ga shi, sai ka yi abin da doka ta ce." Lauratu ta tsaya ƙiƙam, idonta a kan katin, ta riga ta sallama shi a ranta.

Malam Hashimu bai taɓa katin ba. Ya laluba aljihu ya fito da tabarau, ya karɓi takardar da hannun dama, ya yi bisimilla, ya kai ta kusa da hanci. Leɓɓansa suka fara motsi, suka tsaya, suka sake farawa. Sai ya ɗaga hannu a yi shiru, ya karanta a fili:

"Fatar akuya in za a jeme ta, a daka bagaruwa da laushi, a jiƙa kwana uku. Kada a sa ruwan rijiyar kasuwa, gishiri gare shi, yana…" Ya juya bayan takardar. "Nan almakashi ya bi."

Ya cire tabarau ya dubi taron.

"Wanga ba aya ba ne. Hausa ce da ajami, kuma hannun Ƙasimu ne, ko cikin dubu na san shi. Ku dai da kun ga baƙin Larabci sai salati, ba wanda zai tsaya shi karanta."

Dariya ta ɓarke daga wajen maƙera, ta bazu. Wani ya ce wa Muttaƙa ya kwantar da hankali, asirin da aka yi wa matarsa na jimar akuya ne. Muttaƙa ya sosa ƙeya, ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa, a yi haƙuri. Malam Hashimu ya tura wa Lauratu katinta da yatsa.

Da wata ce, da ta ɗauke katin ta sa a jaka ta gode wa Allah. Lauratu ta bar shi a nan. Ɗaya aka buɗe, kuma ita ta san gafakar ba takarda ɗaya ke ciki ba. In yau an yi dariya an watse, gobe wani ya farke tasa a Illela ya sami aya, me za ta ce? Ta janyo sarƙoƙi goma sha ɗayan nan gabanta, aikin sati uku, ta ce, "Baba, kada ka tafi. A gama da su duka gaban mutane."

Dariya ta ɗauke. Ta farke ta farko, ta miƙa. Karan dafi ne, yadda ake fitar da ja. Ta biyu, man da ake shafa wa fata don kada ta tsage. Kowace ta ɗauka sai gabanta ya faɗi, kowace Malam ya karanta sai ta ja numfashi ta kai hannu ga ta gaba. Zufa ta jiƙe mata kallabi. Har ta kai ta ƙarshe ba a sami aya ko ɗaya ba, ba hatimi, ba sunan kowa, sai dukanci tsantsa. Tebur ya cika da farkakkun fatu, sunanta ya fita fes, har matar da ta fara cewa a buɗe ta matso tana sa mata albarka.

Malam Hashimu kuwa ya duƙufa yana jera guntayen a kan tebur, yana gwada bakin wannan da na wancan. Biyu suka haɗu. Ya karanta a hankali, wannan karon ba don taro ba.

"Lauratu, ban iya bayani da baki ba, shi ya sa nike rubuta miki duk abin da na sani, kaɗan-kaɗan. Baƙin rinin da ba ya zuba, wanda kinka sha tambayata, ga yadda ubana ya koya mini. Ki samu…"

Ya tsaya. Ya ɗaga wannan guntu, ya ɗaga wancan, ya bi goma sha biyun duka, babu wanda ya ɗora daga nan. Lauratu ta dafa tebur. Shekara huɗu abin yana rataye a saman kanta da sunanta a ciki, girmamawa ta hana ta buɗewa. Baƙin ciki ya taso mata irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fita da gawarsa.

"Littafi ne guda ya bar miki, ɗiyata," in ji dattijon. "Ina sauran?"

Ta dubi bakin kasuwa, inda motocin Tawa da na Sakkwato ke lodi suna tashi.

"Suna wuyan mutane, Baba," ta ce.