Barimar Iya da Tsakuwa Arba'in

Barima ɗaya ce, mu biyu ne, kwana kuma arba'in. Haka Iya, kakarmu, ta shimfiɗa maganar wata Laraba da hantsi, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, makarantar boko, ana gama ɗaure dammunan gero a ƙauyenmu na ƙasar Dungass. Ta kwance wani ƙulli a bakin zanenta, ta ɗora abin a tafin hannu: 'yar barimar hanci ta azurfa, kanta bai fi ƙwayar dawa ba, wadda uwarta ta bar mata. Ni da Rabi, 'yar gwaggona, muna durƙushe a gabanta. Ta ƙirga tsakuwa arba'in ta zuba a ƙoƙo, ta ce kullum da safe za ta jefar da guda, kuma ranar da ƙoƙon ya zama wayam, wadda hujinta ya warke fes, ba ƙurji ba ruwa, ita ce mai barima.

A garinmu ba kowa ake ba hanci ya huda ba. Sai an jira Inna Dudu, wata Bafulatana da ke sauka da shanunsu a gonakinmu bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. An ce hannunta ba ya sa kumburi. Matsalar ita ce zuwanta kullum yakan faɗo daidai lokacin sussuka, lokacin da ƙaiƙayin gero ke tashi ya shiga ido, ya shiga wuya, balle ɗanyen rauni. Ranar nan ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta a gindin gawo, ta yi ta murza gefen hancina da ɗan yatsa har ya mutu, ta gasa allura a garwashi, ta ce in dubi wata saniya mai ƙaho ɗaya. Kafin in gano saniyar, allura ta wuce. Hawaye ya zubo daga ido ɗaya kawai, na hagu, amma ban yi kuka ba. Ta ja baƙin zare, ta ƙulle shi kamar zobe, ta shafa man shanu. Haka ta yi wa Rabi ma. Dokarta ba ta da yawa: a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, a juya zaren don kada nama ya kama shi, ban da cin gyaɗa, ban da ƙaiƙayi, kuma kada ƙarfe ya shiga ramin sai ya bushe.

Rabi ta fara da sa'a. Ita kaɗai ce mace a ɗakinsu, sai gwaggo ta ɗauke mata duk aikin masussuka. Ni kuwa Innarmu na jego, ni ce babba, sussuka da sheƙa suna kaina. Rabi taubashiyata ce, don haka tana da damar tsokana, kuma ba ta bar damar ta wuce ba. Kullum za ta biyo ta bakin masussuka tana cewa in ajiye rai, in ta saka barimar za ta riƙa bari in leƙa.

Kwana biyu na yi ina sheƙa da bakin ɗankwali a hanci, na ga ba za ta ɓulle ba, don da yamma wurin ya yi ja yana zugi. Sai na zauna na duba abin da nake da shi. Ina da ƙarfin jan guga, kuma na san 'yan matan unguwarmu ba abin da suka tsana kamar rijiyarmu mai zurfi. Na sami Sa'a, 'yar maƙwabtanmu, na ce ta karɓi sheƙata ni in karɓi ɗiban ruwanta. Ta ce sai dai tulu uku a kan kowace sheƙa. Na ce biyu, ta ce uku, na juya zan tafi wajen wata, ta kira ni ta ce biyun. Wannan ne ciniki na farko da na taɓa ƙullawa, ni da yau nake sayen hatsi a kasuwannin Mallawa da Dogo-Dogo ina lodi zuwa Magaria. Tafin hannuna ya yi kanta, wuyana ya sage da gammo, amma ƙaiƙayi bai ƙara taɓa ni ba.

Kullum bayan asuba nakan ɗora ɗan kasko a bakin murhu, in jefa gishiri, in tsoma gashin kaza mai tsabta in wanke ciki da waje. Juya zaren ne aiki. Jini ya bushe a jikinsa, in ka ja sai ka ji har ƙwaƙwalwa. A lakwal ana soya gyaɗa a bakin ƙofa, ƙamshi ya bi ni har aji, in haɗiye yawu in buɗe littafin rubutuna. Mushe, malaminmu, ma ya sa baki, ya ce da zan kula da lissafi kamar yadda nake kula da hancin nan, da ni ce ta ɗaya.

A tsakuwa ta tara Rabi ta kasa haƙuri. Ta ga wurin ya daina zafi, ta yanke zaren, ta sa wata barimar gwangwani mai ƙyalli da ta samo a kasuwa, ta shigo fili ana ta kallonta. Gaskiya ta yi kyau, kuma gaskiya na ji kishi. Bayan kwana uku hancin ya haye har idonta ya ƙanƙance, aka kai ta likita, majo, ma'aikacin jinya, ya cire ƙarfen ya wanke, ya yi wa gwaggo faɗa.

Na ɗauka shi ke nan, barima tawa ce, kuma a nan na yi nawa kuskuren. Na shiga gaɗa da la'asar, na faɗa baya aka cafe ni, zoben wata ya maƙale a zaren ya fizga. Jini ya ɓata mini riga. Washegari wani ɗan tsiro ja ya fito a bakin ramin. Ina iya rufe shi da ɗankwali in yi shiru, amma na tafi wajen Iya na nuna mata. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ban ce wadda ba ta ji ciwo ba. Na ce wadda ta warke." Ta jefar da tsakuwar ranar ta ci gaba da kaɗinta.

Sauran kwanakin na yi su kamar mai jinyar jariri. Na mai da wanki sau uku, na bar gaɗa, na koyi kwanciya a gefen dama kawai. Tsiron ya yi baƙi, ya motse, wata safiya ya biyo gashin kazar ya fita. Ranar da tsakuwar ƙarshe ta tafi, Iya ta yanke zaren da kanta, ta zura tsinken tsintsiya a ramin, ya wuce sumul. Na Rabi ya riga ya toshe. Iya ta sa mini barimar a gaban matan gida, ta ce, "Wannan yarinyar, in aka ba ta ajiya za a tarar da ita." Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan ba, har yau.

Yanzu 'ya'yana a shagon gyaran gashi aka huda musu, da wata 'yar bindiga, kafin ka ƙifta ido an gama, barima ta riga ta zauna. Ban ce ba kyau, ya fi sauƙi. Sai dai ba gindin gawo, ba ƙoƙon tsakuwa, ba tsohuwar da za ta kama haɓarka ta duba. Shekarun baya wani maƙeri a Magaria ya goga barimar a dutse, ya ce rabinta ma ba azurfa ba ne. Na karɓi abata na mayar. Abin da na rasa a kanta na sani: gyaɗar kwana arba'in, riga ɗaya, fatar tafin hannu, da gaisuwar Rabi har zuwa Salla. Abin da na samu kuwa shi nake ci har yanzu, domin tun daga ranar ban ƙara ɗora kaya a kan abin da bai gama warkewa ba.