Ranar Da Na Yi Gardama Da Likitar Matata

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ranar da na tsaya gardama da wata likita a Garki ba za ta fita daga raina ba.

Ni dillalin motoci ne a Apo. Bayan matata ta yaye autarmu, nononta na hagu ya kumbura, ya yi ja, fatar ta yi kauri kamar ɓawon lemo. Mun sha ji a rediyo cewa cutar kansa ƙullutu take yi. Muka lalluba, babu ƙullutu, sai muka saki jiki. Gwaggonta ta ce ruwan nono ne ya kwanta, aka shiga gashi da tawul, ni kuma ina ta jido magani daga kemis. Wata guda muka ɓata a haka.

A asibiti aka ɗebi tsoka aka auna, aka ce kansa ce, irin mai zuwa da kumburi. Likita ta ce sai an ƙara wani gwaji kafin a fara magani. Na ce mata ni ɗan kasuwa ne, na san jan rai idan na gan shi.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce jiki yana da saƙon da yake aika wa ƙwayoyinsa cewa su hayayyafa. A wasu matan, ƙwayoyin kansar suna da kunnuwan jin saƙon fiye da kima, ba sa tsayawa. Idan gwajin ya nuna irin ta matata ke nan, akwai allurar da ke toshe kunnuwan.

"Wato totur ne ya maƙale," na ce.

"To ka gane, Alhaji. Ka bar ni in duba injin."

Matata ta harare ni. "Baban Auta, a nan ma ciniki za ka yi?"

Gwaji ya fito, kansar mai yawan kunnuwan ce. Aka haɗa mata allurar da sauran magunguna. Ta sha wuya, gashinta ya zube. Amma ranar da likita ta ce abin ya ja baya, yanzu za a iya tiyata, ban san lokacin da na miƙe ina tafi ba. Har masu shara sai da na gaya wa. A bara ita ta kai autar makaranta da hannunta.

Abin da na koya: duk canjin da mace ta gani a nononta, da ƙullutu ko babu, asibiti za a nufa a makon, ba kemis ba.