Waken Baba da Ƙasar Bayan Gareji

Shekara ashirin da biyu Gwaggo ta yi tana wanke tukwanen shuka a cibiyar binciken tsirrai. Ita ce mai kankare su da buroshi, ita ce kuma mai dafa ƙasa a babbar tukunyar tururi don kada wani abu mai rai ya saura a cikinta. A gida ana tsokanarta cewa ita kaɗai ce macen da ke dafa ƙasa a biya ta albashi.

Dakta, shugabar sashensu, tana bin asalin wake ne: tana karanta ƙwayoyin gadon na daji da na gida, don ta gano yadda mutanen da suka hore shi. Da Gwaggo ta ji haka sai ta tuna gwangwanin madarar da mahaifinta ya bari. Waken ciki ƙanana ne masu ɗigo-ɗigo, kwasfarsu na fashewa da kanta idan ta bushe. Ƙwaya goma sha biyu suka rage, kuma ba ta san wani mai irinsu ba.

An shuka takwas a ɗakin gilashi. Dakta ta zuba musu ruwan kwalba mai ƙananan halittun da ke zama a saiwar wake suna ciyar da shi, kamar yadda ta yi wa sauran. Kowane wake ya yi kore shar, na Baba ya yi ruwan ɗorawa ya lanƙwashe.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji Dakta. "Irin ya tsufa. Ranar Juma'a za a kwashe su."

"Ranki ya daɗe, ba tsufa ba ne. Baƙunta ce. Baba bai taɓa kai shi sabuwar gona ba sai da kwandon ƙasar tsohuwar."

"Ƙasar waje ba ta shiga ɗakin nan, ke ma kin sani."

"To bayan famfona ai ba ɗakinki ba ne."

Dakta ta yi dariya ta ƙyale ta.

Gonar Baba ta daɗe da zama garejin gyaran mota. Ranar Asabar Gwaggo ta je da fartanya da buhu, ta zagaya baya, gindin katanga inda baƙin mai bai kai ba, ta durƙusa tana tono.

"Iya, zinariya aka binne mana ne ba mu sani ba?" in ji wani bakanike.

"Ɗana, da zinariya ce ai da ba ka bar mini ba. Matsa, ka tsaya mini a kan gado."

Huɗun da suka rage ta shuka a bayan famfonta, a wannan ƙasa, ɗanya, ba dafawa. Gwangwanin ya zama wayam. Uku suka fito. Kullum kafin ta taɓa buroshi sai ta leƙa su. Sati na huɗu ta tuge ɗaya, ta wanke saiwar a famfo, ta ɗora a faranti ta kai ofis. Ƙananan ƙulalai ne jere a jikinta. Dakta ta tsaga ɗaya da reza, cikin ya yi jaja-jaja, alamar ƙananan halittun na aiki a ciki.

Ta daɗe tana kallo. "Abokin zamansa daban ne. Namu na kwalba ne bai karɓa ba." Ta ɗebi ganyen ta ɗebi ƙulalan, ta ce duka biyun za a karanta ƙwayoyin gadonsu. "Sunan wa zan rubuta a takardar?"

"Na Baba. Ki ƙara da bayan gareji."

Da kwasfa ta fara bushewa, Gwaggo ta yayyanka tsohon gidan sauro ta ɗaure kowace ɗaya, yadda Baba ke yi da tsumma, don kada ta fashe ta watsar. Ta sami ƙwaya sittin da huɗu. Rabi ta ba cibiya. Rabi ta mayar gwangwani, ta ɗaure ƙullin ƙasa a jikin murfin, ta sa 'yar ƙanenta ta rubuta da manyan baƙaƙe: kada a raba su.